Littafin binciken 'yan sanda ya yi kyau, amma dukan mutum ba bincike bane

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da duk ma'aikatanka, ina roƙon ka bani fili a shafin wasiƙu inyi magana akan wani littafi da yake ta yawo a wayoyin mutane anan Zariya, labarin binciken kisan kai ne wanda wata matashiyar marubuciya take saki babi babi a WhatsApp, ka biya a saka ka a gurup ka karanta. Bazan kama sunan littafin ko nata ba, na farko ban nemi izininta ba, na biyu kuma maganar da zanyi ta wuce ita kaɗai, ta shafi duk mai rubuta irin wannan labarin da mu kanmu masu karantawa.

Ni ba lauya bane, a ofishin wani lauya nake aiki, ni ke ɗaukar fayil zuwa kotu ni ke bin takardun beli, don haka caji ofis da kotun majistare ba baƙin wurare bane a wajena, kuma da wannan idon na karanta littafin.

Labarin a taƙaice: an tsinci gawar wani yaro ɗan Keke Napep da asuba a bakin rafin Kubanni, babu keken babu wayarsa, aka miƙa binciken ga wani Sufeto wanda ya kusa ritaya da wata Saje mace da ke ƙarƙashinsa. Shikenan ginshiƙin. Babu ɗan sarki babu ɗiyar attajiri, babu aljani, mutum biyu ne masu kaki suna bin ƙafa daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada zuwa Kwangila suna tambayar mutane abinda mutanen basa son faɗa. Wallahi tun babi na biyu na san cewa wannan yarinyar ta taɓa shiga caji ofis da ƙafarta ko kuma ta zauna da wanda ya san wajen sosai, domin ta kawo kanta da babban littafin da ake rubuta duk abinda ya shigo, ta kawo bencin da masu kawo ƙara suke zama su wuni, ta kawo warin sel da yake dukan hancinka tun kana bakin ƙofa, da tulin babura da aka kama sunyi shekaru a tsakar gida har ciyawa ta fito ta cikin tayoyinsu, da yadda ake ɗauke wuta a koma rubuta sitetimen da fitilar waya. Ta nuna motar sintiri babu mai, Sajen ta hau acaɓa da kuɗin aljihunta taje neman shaida, ta kuma nuna wani Kofur yana tambayar uban mamacin kuɗin takarda da na fayil a ranar da ya binne ɗansa. Bata ɓoye wannan ba kuma bata maida duk ɗan sanda shaiɗan ba, ta barsu a matsayin mutane masu iyali da bashi da tsoron oga, wasu na kirki wasu lalatattu. Wannan shine abinda ya riƙe ni.

Wajen da ya fi burgeni shine rigimar gawa. Sufeto yana so a kai ta asibitin koyarwa na Shika likitoci su duba su faɗi abinda ya kashe shi da kusan lokacin da ya mutu, dangi kuma sun taru sunce Allah ya riga ya yi ikonsa, a basu ɗansu suyi masa sutura kafin azahar, babu wanda zai yanka musu gawa. Liman yana gefe, mai unguwa yana gefe, kawun yaron yana kuka yana cewa Yallaɓai ku barmu da abinda ya same mu. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san haka take faruwa, kuma marubuciyar bata ɗauki ɓangare ba, ta bar mai karatu yaji zafin dangi ya kuma gane cewa da zarar an rufe kabarin nan to an rufe rabin hujja tare dashi. Kafin ma 'yan sanda su iso jama'a sun tattake wajen gaba ɗaya, wani ya juya gawar wani ya ɗauke takalmin ya ajiye gefe wani ya rufe ta da zani, duk da kyakkyawar niyya, kuma duk sawun da za a iya bi ya ɓace. Marubucin Amurka ko Ingila, inda irin wannan rubutun ya kafu tun shekarun 1940 zuwa 1950, yana da ɗakin gwaje gwaje da zanen yatsa da gwajin jini da zai jingina labarinsa dasu, namu kuwa dole mai bincike ya dogara da baki da ƙafa da sanin gari, ya san wane mai shayi ne baya barci, wane mai faci ne yake ganin duk keken da ya wuce, wane ɗan sintiri ne ya san yaran unguwa ɗaya bayan ɗaya. Ta gane wannan kuma tayi amfani dashi yadda ya kamata.

Haka kuma ta kama tsoron shaida daidai. Akwai wata tsohuwa mai ƙosai da taga wanda ya hau keken a daren, amma ɗanta ya hanata magana yace Iya ki rufa mana asiri, daga kin faɗa ke za a fara tsarewa. Sai da Sajen ta cire kaki taje gidan a matsayin mai gaisuwa sau da yawa kafin tsohuwar ta buɗe baki. Wannan babin ni a ganina shi yafi kowane kyau a littafin.

Akwai soyayya da aka cusa tsakanin Sajen da wani malamin makaranta, bata ƙara komai ba, na san masu biyan kuɗin gurup ne suke nema, na wuce ta.

To Edita ga inda raina ya ɓaci. Bayan duk wannan aikin, bayan ta shuka hujjoji masu kyau tun farko, akwai risit ɗin POS da aka samu a aljihun mamacin, akwai littafin balas na mai keken wanda ya nuna rigimar kuɗi tsakaninsu, akwai kiran waya na ƙarshe da aka yi masa da daddare, akwai bakaniken da aka kai wa keken a canza fenti, sai kawai a babukan ƙarshe ta watsar dasu gaba ɗaya. Aka kama wani matashi, Sufeto ya shiga dashi ɗakin baya ya sa masa ankwa ya rataye shi, aka yi ta jibgarsa da kulki har asuba, da gari ya waye ya amsa laifi ya dangwala hannu, aka nuna shi gaban 'yan jarida, uwar mamacin tayi wa Sufeto addu'a, littafi ya ƙare. Kamar mace ce ta wuni a murhu tana haɗa miya mai kyau, tazo saukewa ta tuttula mata kananzir. Kuma ba wai ta nuna dukan ne don mu ƙyamace shi ba, da haka ne da nace madalla tunda abu ne da yake faruwa kuma littafin gaskiya dole ya nuna shi, a'a, ta rubuta shi ne a matsayin nasara, a matsayin jarumtar tsohon ɗan sanda wanda ya gaji da wasa.

Abinda ya fi tayar min da hankali ma shine martanin 'yan gurup. Mata da maza, wasu ɗaliban jami'a ne a Samaru da Kongo, sai tafi suke suna cewa maganinsa kenan, ai ɓarawo baya magana sai yaji jiki, Allah ya ƙara mana irin wannan Sufeton. Na fahimci daga ina wannan fushin ya fito, ƙwacen waya da sara suka da garkuwa da mutane sun gallabi kowa, babu gidan da bashi da labari, wanda aka kashe masa ɗa ba zai zauna yana lissafin haƙƙin wanda ake tuhuma ba kuma bazan zarge shi ba. Amma marubuci ba ɗan uwan mamaci bane, shi yana da lokacin da zai tsaya yayi tunani a madadin mu duka.

Bari in faɗi abinda zai faru da wannan kes ɗin inda a gaske ne. Da farko kes ɗin kisa baya ƙarewa a hannun DPO da IPO, wato ɗan sandan da ke binciken kes ɗin, na dibishan, ana tura shi sashen binciken manyan laifuka na jiha wato CID a Kaduna, daga nan a kai mutum gaban majistare da takardar FIR, wato rahoton farko na 'yan sanda akan laifin, majistare kuma bashi da hurumin yin shari'ar kisa, abinda zai yi shine ya tura shi gidan gyaran hali a jira shawarar DPP, wato daraktan gabatar da ƙararraki, daga ma'aikatar shari'a, in shawarar ta fito cewa akwai tuhuma sannan a shigar da ƙara Babbar Kotu. Wannan kaɗai yana cin watanni wani lokacin shekaru, kuma shi yasa mafi yawan waɗanda ke gidajen yarin ƙasarnan masu jiran shari'a ne ba waɗanda aka yanke wa hukunci ba. To ranar da mai gabatar da ƙara ya miƙa wannan sitetimen ɗin da aka samu da kulki, lauyan wanda ake tuhuma zai miƙe yace ba da son ransa ya faɗa ba, sai alƙali ya dakatar da komai a buɗe ƙaramar shari'a a cikin babbar don a gano yadda aka samu maganar, yaron ya ɗaga riga ya nuna tabo ya nuna wuyan hannunsa inda ankwa ta ci, kuma sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 ya faɗa ƙarara cewa amsa laifin da aka samu ta hanyar azabtarwa kotu bazata karɓa ba. In aka jefar da sitetimen ɗin me ya rage? Babu rahoton likita tunda an binne gawa, ba a bi risit ba, ba a nemo bayanan kira daga kamfanin waya ba, ba a ɗauki maganar bakanike ba. Sai a sallame shi. In shine ya kashe to mai kisa ya koma unguwa, in kuma ba shi bane to an lalata rayuwar bawan Allah a banza kuma mai kisan na gaskiya yana can yana yawo tun ranar farko. Ta kowane ɓangare uwar nan da tayi addu'a ita aka cuta.

Shi kansa Sufeton da aka maida jarumi, a idon doka mai laifi ne. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana azabtar da kowane mutum, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 ga wanda ya aikata, sashe na 35 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa, sashe na 36 kuma yace mutum bashi da laifi har sai kotu ta tabbatar. Maganar kai mutum kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu in babu, ita ma tana cikin sashe na 35 duk da cewa an ware laifukan da hukuncinsu kisa ne daga wannan wa'adin, to amma ko mai kisa ne babu inda aka ce a dake shi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda jihar Kaduna tayi irin tata a 2017, ta kawo maganar ɗaukar sitetimen a gaban lauya da naɗar bidiyo saboda dai a toshe wannan ƙofar. Kuma bamu manta ba, koke koken azabtarwa ne suka kai ga rushe SARS a watan Oktoban 2020. A wani babi ma Sufeto ya kama mahaifin yaron da ake zargi ya tsare don yaron ya fito daga inda ya ɓuya, littafin ya wuce abin kamar dabara ce ta aiki, alhali dokar 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun haramta kama wani a madadin wani. Dattawa nawa ne a ƙauyukanmu suka kwana a sel saboda laifin 'ya'yansu basu ma san an hana ba? Littafin da dubban mutane ke karantawa a waya shi ya fi dacewa ya sanar dasu.

Akwai kuma wani abu da kusan babu marubucinmu da yake taɓawa alhali cike yake da labari, wato maganar tafinta. Mutumin da baya jin Turanci zai bada bayani da Hausa, ɗan sanda ya rubuta da Turanci, a karanta masa ko kar a karanta, ya dangwala yatsa akan abinda bai san me aka rubuta ba. Kotunanmu sun sha cewa in ta bakin tafinta aka ɗauki magana to dole a kira tafintan ya bada shaida, in ba haka ba takardar ta zama ji ta ji ta. Na ga kes ya rushe akan wannan kaɗai, an canza wa tafintan wajen aiki an rasa inda yake, dangin wanda aka kashe suna zaune a bayan kotu basu ma gane abinda ya faru ba sai da aka fito waje aka yi musu bayani, kukan da matar nan tayi a ranar har yanzu ina jinsa. Marubucin da ya san wannan zai iya gina babi uku akai mai karatu bai ajiye waya ba.

Zan so in ga Sajen nan ta ƙi yarda da amsa laifin, ta koma wajen mai POS ta bi lambar asusun da aka tura kuɗin, ta rubuta takardar neman bayanan kira ta jira makonni ana ce mata gobe jibi, tunda tun ƙarshen 2020 aka tilasta haɗa layin waya da lambar NIN to akwai zaren da za a ja ko da an yi rajistar layin da sunan wani ne, ta samu bakaniken ta lallashe shi ya yarda ya tsaya gaban alƙali, oga yana matsa mata ta rufe fayil saboda Kwamishina yana son sakamako, wani babban mutum yana kiran waya a saki wanda take zargi, ita kuma tana tsoron a jefa ta wani ƙauye mai nisa ga 'ya'yanta ƙanana. Nan ne zafin labarin yake, nan ne ake gane jarumi. In marubuciyar tana son ta bar dukan a ciki ta barshi, amma ta nuna mana abinda ya haifar, ta kai mu har Babbar Kotu mu ga takardar tana faɗuwa.

Ba ita kaɗai ce da gajerar hanya ba. Wasu in bincike ya cije sai jarumi yayi mafarki ya ga mai kisan, wasu a je wajen boka ya duba ƙasa, wasu kuma mai laifin ne zai haukace haka kawai ya fito kasuwa yana tona kansa. Duk hanya ɗaya ce ta gujewa aikin da ya kamata marubuci yayi, kuma mai karatun da ya bi ka babi arba'in yana haɗa hujja da kansa yana da haƙƙin ka warware masa da hujjar da ka bashi. Nata dai yafi haɗari ne saboda mafarki da boka kowa ya san ƙage ne, kulki kuwa yana nan a gaske kuma ana amfani dashi akan 'ya'yan talakawa.

Abin yana min ciwo musamman don daga Zariya nake rubutu. A garinnan aka shirya gasar 1933 wadda ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na boko na farko, anan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, anan aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, ga tsangayar koyon aikin lauya a Kongo, ga sashen harsunan Afirka a Samaru, ga likitocin binciken gawa a Shika, ga tsofaffin 'yan sanda da suka yi ritaya suna zaune a majalisu daga Kwarbai har Muciya, akwai ma dattawan da suka ga zamanin 'yan doka na En'e kafin a haɗe su da 'yan sandan tarayya. Duk kayan aikin da mai rubuta labarin bincike yake buƙata suna cikin tazarar kuɗin keke ɗaya. Zaman kotu a buɗe yake ga kowa, babu mai tambayarka kati, marubuci ya ɗauki biro da takarda yaje ya zauna a benci na baya a kotun majistare ya saurari yadda ake karanta FIR da yadda lauya yake yi wa IPO tambayoyi har ya fara share zufa, yaje Babbar Kotu ya ga shari'ar kisa guda ɗaya daga farko har hukunci.

Roƙona gareka Edita, ku ware shafi ko rabin shafi a mako na sharhin littattafan Hausa har da waɗanda ake saki a waya, domin yanzu can ne masu karatu suke kuma babu mai tace musu komai sai yabo a gurup. In littafi ya taɓa aikin ɗan sanda ko kotu ko asibiti ku ba wanda ya san aikin ya karanta ya faɗi ra'ayinsa da sunansa. Ita kuma ƙanwata marubuciya in wannan wasiƙar ta kai gareki, naji ance kina shirin buga littafin a takarda, don Allah ki dakata ki sake rubuta babukan ƙarshen nan, ki samu lauya mai shari'ar manyan laifuka da tsohon IPO guda su karanta miki kafin ki kai maɗaba'a. Hujjojin duk kin riga kin zuba su tun a farkon littafin, ki bar Sajen ta bi su har kotu.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya.